Turbon da Ya Hana Ni Durƙusa wa Baffa

Yau na zo kan maganar da kuka fi ji a bakin gwaggwanninku, ku 'ya'yana. Wai akwai ranar da ubanku ya isa ƙofar gidan kakanku a Poli, ya harɗe a cikin mota yana jan carbi kamar wani hamshaƙi, har sai da tsoho ya taso da sandarsa ya same shi. To, an yi haka, ban musa ba, shi ya sa ma har gobe wasu a Poli ke ce min Minti-Uku. Amma masu ba ku labarin daga zaure suka leƙo. Ni kuwa ina cikin motar, ƙafata a kan birki, zufa na bin gadon bayana. Don haka ku gyara zama ku ji daga bakin mai ita.

Motar kat-kat ce, irin fikof ɗin nan mai buɗaɗɗen baya da ke ja da ƙafa huɗu. A da fara ce, amma jar ƙasar hanyar Poli ta riga ta rine ta. Ba tawa ba ce, ta Baffa Garba ce, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar ubana, ya kuma ba ni 'yarsa Hajara, wato mamanku. Kun ga uba ne, suruki ne, kuma ubangida ne, nauyi uku a kan mutum ɗaya. Kakanninmu fatake ne da suka gangaro daga ƙasar Kano suka zauna Garoua, shi Baffa ya matsa gaba ya kafa shago a Poli. Ni ke kai masa kaya daga Garoua, sukari da sabulu da gishiri da atamfa, in dawo da doya da gyaɗa. Kafin motar nan shekara bakwai na yi a bayan kantar shagonsa ina ƙulla gishiri a leda, wallahi har mafarkin leda nake yi. Ranar da ya miƙa min makulli ji na yi kamar an buɗe min ƙofar kurkuku. Ina son hanya, ina son iska ta bugi fuskata, ina son in tsaya Ngong in ci gasasshen nama a tsaye masu shago na kira na direba. Komai za a karɓe min a lokacin zan haƙura, ban da sitiyarin nan.

Sai ga turbo ya shigo rayuwata. Ga waɗanda ba su sani ba a cikinku, wani ƙarfe ne mai kamar dodon-koɗi da ke manne a jikin inji. Akwai 'yar fanka a cikinsa wadda hayaƙin mota ke juyawa, ita kuma tana hura wa inji iska, kamar dai zuga-zugin maƙeri. In yana da lafiya mota ta hau dutse tana fito. In ya mutu, sai ta koma tsohuwa mai ciwon ƙirji. Wanda motar ta zo da shi ya mutu da rani, ya yi ta kuka kamar jiniya, shuɗin hayaƙi na bin mu a baya. Na sayo sabo fil a kwali daga wajen masu shigo da kaya ta kan iyaka, yana walƙiya har kana ganin haƙoranka a jikinsa. Kyan ɗan maciji! Ko wata huɗu bai cika ba shi ma ya bi ɗan'uwansa, kuma a tsakiyar hanya, da kayan Baffa a baya, ruwan farkon damina na zuba a kan buhunan sukari.

Baffa ba ya faɗa. In ya yi maka shiru, gara a ce ya zage ka. Bai ce min komai ba, sai ya aiko ta bakin 'yarsa. Na dawo gida da la'asar hannuna duk baƙin mai, na tarar da mamanku tana tsince shinkafa, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Yaya, Baba ya kira," in ji ta. "Ya ce a sa na uku. In shi ma ya mutu, a sayar da motar, ka dawo shago."

"Shago? Ni? Da gemuna?"

"Ledar ma ta yi kewarka," ta ce, tana danne dariya.

Na so in yi fushi, amma na fasa, don na san Baffa ba ya magana biyu.

Washegari na bazama neman turbo kamar mai neman aure. Duk wanda na sani a harkar mota na buga masa waya. Cikin kwana uku sai ga abokina Ila ya sauko daga Maroua, yana da rumfar kayan mota a unguwar Domayo, ya zo da wani abu a naɗe cikin buhu. Da ya kwance, kai! Ban taɓa ganin turbo mai kyan wannan ba. Ƙato ne, ya kusa ninka nawa biyu, daga wata babbar mota aka cire shi. Na ɗaga na ji nauyi, na ji daɗi har cikin raina, irin daɗin da mutum ke ji in ya ɗaga ragon layya ya ji ya cika hannu.

"Mon frère, ɗan'uwana," in ji Ila, "ka sa wannan, wallahi manyan bas sai dai su ga ƙurarka. Ka bar Garoua da hantsi, ka yi azahar a Poli har da wanka."

Na rungume buhun, ni da Ila muka hau babur sai unguwar Djamboutou, garejin Metir Bouba. Metir shi ne yadda muke ce wa babban makanike a nan. Bafulatani ne siriri, ya haura sittin, yana haɗa Fulatanci da Faransanci da Hausa a magana ɗaya, kuma bai iya rarrashi ba. Na dire masa ƙarfen a gabansa ina washe baki. Ya dube shi, ya dube ni, ya ci gaba da shan shayinsa.

"Wannan na wace mota ne?"

"Tawa mana, Metir."

"Walaa," ya ce, wato a'a. "Kai kana so ka ɗaura wa ɗan akuya huhun bijimi. Babban turbo ba ya farkawa sai inji ya yi ihu. Kai kuwa ina kake neman ƙarfi? A taɓo, a hawan dutse, inda mota ke tafiya a hankali. A nan wannan barci zai yi. In kuma ya farka a kan kwalta, ya fasa maka kan tsohon injin nan. Ga shi ko ramukan kusoshinsa ba su dace ba. Mai da wa mai shi."

Na yi gardama, don a lokacin bakina ya fi hankalina sauri. Na ce ai ana iya fafe ramukan, na ce ai Ila ya san aikinsa. Metir ya ce to in kai wa Ila ya ɗaura min, shi ba zai sa hannu a jana'izar mota ba. Sai na tuna leda, na yi laushi. Ila ya koma Maroua da buhunsa yana ce min matsoraci, kuma wallahi har ya ɓace ina bin buhun da kallo.

Metir ya ɗauko tsohon turbon da motar ta zo da shi, ya goge wani ɗan allon ƙarfe a jikinsa har lambobi suka fito, ya kwafe su a bayan kwalin shayi. Ya kuma dafa kwali a bakin ƙarfen ya zana ramukan kusoshi. Da wannan kwali muka shiga kas, wato inda ake farfasa matattun motoci ana sayar da sassansu. Yini biyu muna yawo a rana. Ni duk wanda na ga yana ƙyalli sai in nuna, shi ko kallo ba ya yi. In ya ɗauki turbo sai ya sa yatsu biyu ya kama sandar fankar ya girgiza, in ta yi lilo ya ajiye. Ya leƙa fukafukan ɗaya bayan ɗaya yadda dillali ke buɗe bakin rago ya duba haƙora. Ya shinshina. Ya hura da baki ya kara kunne. Masu kaya suna ta rantse-rantse, shi kuwa kamar da dutse suke magana. A rana ta biyu da yamma, a ƙarƙashin wata rumfar kwano, ya jawo wani baƙi ƙirin, mummuna, gizo-gizo har ya yi saƙa a bakinsa. Daga mota irin tawa sak aka cire shi, wadda ta kife tun da sauran ƙarfinta. Ya girgiza sandar, ko motsi. Ya ɗora kwali, ramuka suka zauna daram. Ya duba lamba, ta yi daidai. Ya murza fankar da ɗan yatsa, ta yi ta juyawa shiru kamar ba za ta tsaya ba.

"Booɗɗum," ya ce, wato ya yi kyau. Karo na farko ke nan da na ga haƙoransa.

"Metir, wannan ƙazamin?"

"Da tsohuwar zuma ake magani. Ɗauko mu tafi."

Na ɗauka zai ɗaura a ranar, har na fara shirya lodi a raina. Ina! Sai ya ce ba zai sa ba sai ya san abin da ya kashe biyun farko, don ruwa ba ya tsami banza. Ya farke matattun a gabana. A cikin kowanne, inda baƙin mai ke bi ya sanyaya sandar, man ya ƙone ya daskare ya zama ƙanzo, irin na gindin tukunyar tuwo. Ya tambaye ni wane mai nake zubawa, na faɗa, ya ce mai kyau ne. Yaushe nake canzawa, na faɗa, ya ce ba laifi. Ya sosa gemu, sannan ya nuna min wata motar gareji ya ce in ja mu zaga. Muka fita bayan gari na taka ta sosai, don ina so ya san da direba yake tafe. Da muka dawo sai na hango limamin unguwar zaune a bencin gareji yana jiran babur ɗinsa. Kafin ƙafafun motar su gama tsayawa na riga na murɗe makulli, na diro, na durƙusa ina gaisuwa. Sai ihu na ji a bayana.

"Ga ɓarawon! Ga shi nan na kama shi!"

Har liman ya zabura. Metir ya fito yana nuna ni da yatsa.

"Haka kake kashe mota kullum?"

"In na ga babba, eh mana. Zan bar inji na ruri a kan dattijo?"

"A Poli fa, ina kake tsayawa?"

Na gaya masa gidan Baffa a kan tudu yake, can gefen gari wajen duwatsu, hawa ne mai tsawo kuma da cikakken lodi nake yin sa. Baffa kullum yana zaune gindin ɗorawar ƙofar gida da dattawa, ina isa nake kashewa in diro. Metir ya dafe kai. Ya ce a ƙarshen hawa irin wannan turbo ja yake zama kamar garwashi. In an kashe inji nan take, mai ya daina zagayawa, ɗan wanda ya rage a ciki sai ya soye. Kowace gaisuwa ƙanzo na ƙaruwa, har hanyar mai ta toshe. Jama'a, ashe ladabina ne ke cinye wa Baffa mota! Na rasa ko dariya zan yi ko kuka.

Ya canza bututun mai, ya wanke komai, ya ɗura wa baƙin turbon mai da hannunsa kafin ya tayar. Sannan ya kafa min doka: in na gama hawa, in bar inji na numfashi a hankali minti uku kafin in kashe. Na ce agogona ya tsaya. Ya ce ai ina da carbi, in zagaye shi sau uku a natse, ba irin jan 'yan kasuwa ba. Sai dai akwai wata matsala. Birkin hannun motar ya daɗe da tsinkewa, kuma ba a samu wayarsa a kas ba. Da giya nake riƙe ta in na kashe. In kuwa inji na aiki, dole ƙafata ta zauna a kan birki, in ba haka ba ta gangara da baya har cikin kasuwa. Wato ba zan iya fita ba ke nan sai minti ukun sun cika. Na roƙi mamanku ta yi wa mahaifinta bayani a waya kafin in isa.

"Ni?" ta ce, ta dafa ƙirji. "In ce wa Baba gaishe shi da ake yi ne ke kashe mota? Yaya, nemi wani, ni ina son zaman lafiya."

Ni ma na ɗauki waya sau biyu ina ajiyewa. Wace irin kalma mutum zai fara da ita?

Ranar tafiya kuwa, Allah! Ina hawa gadar Binuwai na taɓa totur, sai na ji wani siririn fito daga gaban mota, mai daɗi, mota ta miƙe kamar an sauke mata lodi. Na yi kabbara ni kaɗai. Na wuce Ngong ban ma tsaya cin nama ba. Da na saki kwalta na kama jar hanyar Poli, damina ta riga ta farfasa ta, amma motar nan ko a jikinta. Kwarin da a da nake shiga da addu'a, na fito daga shi taɓo na tashi sama. Hawan da nake yi da giya ta ɗaya ina lallashi, ranar da ta uku na haye, ina buga sitiyari ina yi wa Metir Bouba kirari, ina cewa baƙin ƙarfe ka fi farin ƙarfe! Masu babura na ɗaga min hannu, ni ma ina ɗaga musu kamar ɗan takara. Duk murnar nan sai da na hango ɗorawar Baffa sannan ta koma ciki.

Suna nan zaune su biyar a kan tabarma, Baffa a tsakiya a kan buzunsa. Na tsaya inda na saba tsayawa. Hannuna da kansa ya tafi kan makulli, na janye shi da ƙyar. Na danne birki, na ciro carbi. Inji na ta diri. Dattawa suka dubo suna jiran su ga ƙofa ta buɗe, ba ta buɗe ba. Na ɗaga hannu ta taga na yi sallama, na ƙara jefa kaina cikin rami, don wa ya taɓa gaida surukinsa ta taga? Wani dattijo ya kama baki. Na hango kawunan gwaggwanninku a zaure. Gaba kura baya sayaki: in na kashe na ci amanar turbon, wata uku in koma shago, in na zauna kuma na ci mutuncin mai motar a gaban mutanensa, yau ɗin nan in koma shago. Ban gama zagaye na farko ba na ga Baffa ya dafa ƙasa, ya jawo sandarsa, ya miƙe.

Bai zo ta wajena ba. Ya zaga ta ɗaya gefen, ya buɗe ƙofa, ya hau da ƙyar, ya miƙa hannu zai zare makullinsa. Ban san lokacin da na rufe makullin da tafin hannuna ba. Ni, da ban taɓa haɗa ido da shi ba tun ina yaro.

"Ɗauke hannunka," ya ce, a hankali.

"Baffa, ka yi min rai. In na kashe ta yanzu, na kashe ta ke nan."

Sai magana ta ɓalle min, ina in'ina, ina haɗa ƙanzo da garwashi da birkin hannu, ban san ma ko ana fahimta ba. Ya bar ni har na ƙare. Hannunsa na nan a kan nawa.

"Wato gaisuwata ce ta cinye biyun."

"A'a Baffa, gaggawata ce."

Na ce a raina shi ke nan, gobe ina bayan kanta. Can sai ya janye hannu, ya jingina da kujera.

"Lokacin da muke fatauci da ubanka," ya ce, "in jaki ya hau dutse da kaya, ba ma ba shi ruwa sai ya huce. Wanda ya yi gaggawa shi ke asarar jaki. Saura nawa?"

"Zagaye biyu, Baffa."

Ya karɓi carbin daga hannuna ya ci gaba da ja da kansa, a natse, ya fi ni bin dokar Metir. Dattawa na can sun miƙe tsaye sun rasa abin da ke faruwa. Mu kuwa muna zaune kafaɗa da kafaɗa, kujera ɗaya, tsayi ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka haife ni. Ya kara kunne yana sauraron injin, ya tambaye ni a ina na samo wannan, na ba shi labarin kas da kwalin shayi da ƙaton da na so in saya. Har ya yi 'yar dariya ta hanci. Da ya kai ƙarshen carbi ya ce in kashe, na sa giya na kashe. Na zare makullin na miƙa masa da hannu biyu, don ban san matsayina ba tukuna. Ya ture hannuna.

"Sa a aljihunka. Wanda ya iya hana ni makullina don ya tsare min dukiyata, ba shi zan mayar ƙullin gishiri ba."

Na yunƙura zan diro in zaga in durƙusa kamar yadda na saba, sai ya riƙe min hannun riga. Ya juyo ya dube ni sosai, ya daɗe yana kallo, har na rasa inda zan sa idona.

"Tsaya tukuna in gan ka," ya ce. "Shekara da shekaru kana zuwa ƙofar nan, tsakiyar hularka kawai nake gani. Ashe kamar ubanka ka koma sak. Ashe har furfura ta fito maka, ɗan ƙanena, ban sani ba."

Muryarsa ta karye a kan kalmar ƙarshe. Ni da na taso daga Garoua ina kirari, sai ga ni na kifa goshi a kan sitiyari ina kuka kamar yaro, tsoho na bubbuga bayana yana cewa in yi a hankali, mutane na kallo.